Andrew Mynarski: Yadda za a tuna mai jefa bam ba tare da an wanke yaƙi ba

A garin Hamilton na ƙasar Kanada akwai wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Lancaster da har gobe yake tashi sama. A duk duniya irinsa biyu kacal suka rage masu iya tashi, ɗayan yana Ingila. Na Kanadan an yi masa fenti da lambar wani jirgi daban, KB726, wanda ya ƙone a wata gona a arewacin Faransa tun 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma raɗa masa sunan saurayin da ya rasa ransa a wannan dare, Andrew Mynarski. A Winnipeg, garinsu, akwai makaranta da sunansa. A Ingila, a filin jirgin da ya yi tashinsa na ƙarshe, an kafa mutum-mutuminsa a 2005.

A ganina daidai suka yi, mutumin ya ci a tuna shi. Sai dai jirgin da yake ciki ba na fasinja ba ne. Bama-bamai ya ɗauko, kuma ƙarƙashin kowane jirgi irinsa akwai gari, akwai mutane a kwance. Abin da ke da wuya shi ne a girmama yaron da ya mutu a sama ba tare da an mayar da shi sabulun wanke manyan da suka aike shi ba. Birtaniya da Kanada sun shafe shekaru fiye da 70 suna fama da wannan, kuma har yau ba su gama ba.

An haifi Mynarski ranar 14 ga Oktoba, 1916. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Poland. Yana ɗan shekara 16 mahaifinsa ya rasu, sai ya kama aikin yankan fata don ya tallafi mahaifiyarsa da 'yan uwansa. A 1941 ya shiga rundunar sojan sama ta Kanada, aka horar da shi a matsayin maharbi, aka tura shi Ingila. Zuwa 1944 yana runduna ta 419, a sansanin Middleton St George.

Mutum bakwai ne ke tafiyar da Lancaster: matuƙi, mai kula da injuna, mai duba hanya a taswira, mai sakin bam, mai rediyo, sai maharba biyu. Ɗaya yana zama a wani keji na gilashi a gadon bayan jirgin, ɗayan can a wutsiya. Mynarski shi ne na gadon baya. Na wutsiya abokinsa ne, Pat Brophy, kuma duk jirgin babu wurin da ya kai nasa muni. Don tsabar ƙunci, lemar saukar maharbin ba ta shiga kejin, a cikin jirgi ake rataye ta, bayan ƙofarsa. In wuta ta tashi sai ya juya kejin ya daidaita da jikin jirgi, ya buɗe ƙofar da ke bayansa, ya miƙa hannu ya ɗauko lemar, ya ɗaura, sannan ya nemi hanyar fita. In kuwa kejin ya cije a karkace, to sai dai wani ikon Allah.

Brophy hafsa ne, Mynarski kuwa a iya saninsa bai kai hafsa ba tukuna, saboda haka ƙa'idar soja ta raba musu wurin kwana. Brophy ya ba da labari daga baya cewa in sun dawo daga yawo za su rabu, Mynarski kan ƙame ya sara masa cikin zolaya, ya ce masa sai da safe, yallaɓai.

Daren 12 ga Yuni, 1944, kwana shida da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandy, aka tura su su rusa tashar jiragen ƙasa ta Cambrai, don a toshe wa Jamusawa hanyar kawo ɗauki. Fitarsu ta 13 ke nan. Wani jirgin farauta na Jamus ƙirar Ju 88 ya zo musu ta ƙasa daga baya ya buɗe wuta. Injuna biyu na hagu suka mutu, man da ke juya kejin wutsiya ya tsiyaye a tsakar jirgi ya kama da wuta. Matuƙin, Art de Breyne, ya ba da umarni kowa ya fice.

Mynarski ya sauko daga kejinsa ya nufi ƙofar baya. Ya isa, saura tsalle kawai, sai ya hango Brophy ta tsakanin harshen wuta. Kejin ya cije, marikin juyawa da hannu ma ya karye. Sai ya bar ƙofar, ya rarrafa ta cikin man da ke ci, ya ɗauki gatarin da ake ajiyewa don irin wannan rana ya yi ta sara. Ƙarfen ya ƙi. Ya yar da gatarin ya kama ja da hannu. Kafin nan wuta ta kama tufafinsa da lemarsa. Brophy ya yi ta yi masa alama ya tafi ya ceci kansa. Da ya ga babu dabara, ya koma da baya ta cikin wutar, ya miƙe a bakin ƙofa, ya juyo ya fuskanci abokinsa, ya ƙame, ya sara masa, ya faɗa cikin duhu. Faransawan ƙauye sun ga saukarsa yana ci da wuta. Sun same shi da rai, amma ƙunar ta yi yawa, bai daɗe ba ya cika. Shekararsa 27. Kabarinsa yana maƙabartar ƙauyen Méharicourt, kusa da Amiens.

Shi kuwa wanda aka bari a matsayin matacce, kwanansa na gaba. Jirgin ya bugi ƙasa, ƙarfin bugun ya ɓalle kejin ya wurgar da Brophy waje, ya tashi kusan ko ƙwarzane babu. 'Yan gwagwarmayar Faransa suka ɓoye shi har ya koma Ingila a watan Satumba. Sai da ya sake haɗuwa da abokan tafiyarsa a 1945 sannan suka ji abin da ya faru a bayan jirgi. Ranar 11 ga Oktoba, 1946, aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

Duk wannan labari daga bakin mutum ɗaya ya fito, wanda bisa kowane lissafi bai kamata ya rayu ba. Da kejin nan bai ɓalle ba, da Mynarski suna ne kawai a jerin sunaye, da ba jirgi, ba makaranta, ba mutum-mutumi. A jirgin nan ma, a wannan daren, can gaba murfin ƙofar fita ya bugi mai sakin bam, Jack Friday, ya suma. Mai kula da injuna, Roy Vigars, ya tsaya ya ɗaura masa lema ya tura shi waje kafin ya nemi tasa hanyar, kuma Friday ya rayu. Ba a sa wa ko titi sunan Vigars don wannan ba. To, a cikin dubban jiragen da suka faɗi babu wanda ya tsira ya ba da labari, mutum nawa ne suka koma cikin wuta don wani? Lambar yabo ba jarumta kaɗai take aunawa ba, har da sa'ar samun shaida.

Don haka nake ganin hanyar farko ta ɓata tunawa da shi ita ce a ware shi a ce shi na daban ne. Kimanin mutum 125,000 ne suka yi aikin tashi a rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya, wadda ake kira Bomber Command. Aka kashe 55,573, wato kusan 44 cikin 100. Kimanin 10,000 daga cikinsu 'yan Kanada ne. Dukkansu da ƙafarsu suka kai kansu, ba wanda aka tilasta wa hawa jirgi, kuma yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan, har mai shekara 27 irin Mynarski dattijo ne a cikinsu. Ƙa'ida sai mutum ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu. A dare ɗaya, 30 ga Maris, 1944, an tura jirage 795 kan birnin Nuremberg na Jamus, 95 ba su dawo ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a wurin bukukuwan tunawa ba. Freeman Dyson, wanda daga baya ya zama shahararren masanin kimiyya a Amurka, a lokacin yaro ne mai yi wa rundunar lissafi. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa in aka harbo Lancaster, kimanin 15 cikin 100 na mutanen ciki ne ke fita da rai, alhali a ƙirar Halifax kimanin 25 ne. Babban dalili shi ne ƙofar fita ta gaba, wadda faɗinta inci 22 ne, ga mutum sanye da kayan sanyi da lema, cikin duhu, jirgi yana juyawa. Aka yi ta rubuta wa manya a faɗaɗa ta, aka yi ta jan ƙafa har yaƙi ya zo ƙarshe. Wanda duk zai yi wa yaran nan kirari, ya kamata ya haɗa da wannan, domin ba harsashin Jamus ne kaɗai ya kashe su ba.

Da aka ci yaƙi kuma, sai manyan suka juya musu baya. Winston Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, wanda da amincewarsa aka yi duk abin da aka yi, ya rubuta wa hafsoshinsa takarda ranar 28 ga Maris, 1945, yana nesanta kansa da ruguza birane, bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Dresden na Jamus ya fara tayar da ƙura. A jawabinsa na nasara na 13 ga Mayu ya yaba wa rundunoni iri-iri, ya tsallake wannan. Ba a yi musu lambar yaƙi tasu ta kansu ba, sai a 2013 aka ba da wani ɗan maƙali da ake liƙawa a jikin wata lambar. Wurin tunawa da su a Landan kuwa sai ranar 28 ga Yuni, 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a Green Park, shekara 67 bayan yaƙi, lokacin mafi yawan waɗanda suka tsira sun riga mu gidan gaskiya, kuma akasarin kuɗin ginin karo-karon jama'a ne. Wannan ba kunya ba ce ta gaskiya. Mai jin kunya da gaske kansa yake tuhuma. Su kuwa 'yan siyasar sun riƙe nasarar, suka bar wa yaran da aka aika nauyin laifin.

Laifin kuwa akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne. A 1941 wani bincike da aka fi sani da rahoton Butt ya duba hotunan da jiragen ke ɗauka, ya gano cewa a cikin waɗanda suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne kawai ya kusanci inda aka nufa da mil biyar. Tun da ba a iya samun masana'anta da dare, sai aka yanke shawarar a nufi garin gaba ɗaya. Umarnin 14 ga Fabrairu, 1942 ya faɗa ƙarara cewa abin hari shi ne ƙwarin guiwar farar hula, musamman ma'aikatan masana'antu. A watan ne Arthur Harris ya karɓi ragamar rundunar, kuma shi bai taɓa ɓoye abin da yake yi ba. A Yulin 1943 gobarar da aka tayar a Hamburg ta kashe mutum wajen 40,000. A Fabrairun 1945 Dresden ta rasa kimanin 25,000, ana saura wata uku yaƙi ya ƙare. Jimillar farar hular Jamus da bama-baman Birtaniya da Amurka suka kashe, masana tarihi na sa ta tsakanin 350,000 da 600,000.

Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Jamus ce ta fara. Ta yi wa Warsaw ruwan bama-bamai a 1939, ƙasar iyayen Mynarski ke nan, ta yi wa Rotterdam da Coventry a 1940, ta kashe farar hula sama da 40,000 a Birtaniya cikin 'yan watanni. Gwamnatin da ake yaƙa tana ƙona mutane a sansanin kisan ƙare dangi na Auschwitz. Daga 1940 zuwa 1943 Birtaniya ba ta da wata hanyar taɓa Jamus a gida in ba ta sama ba. Hare-haren sun tilasta wa Hitila ya janye dubban manyan bindigogi da jiragen farauta daga fagen daga ya dawo da su gadin gida, kuma a 1944, da aka koma kan matatun mai da layin dogo, tattalin yaƙin Jamus ya durƙushe. Duk wannan gaskiya ne.

Amma gaskiya ne kuma cewa ƙona unguwannin talakawa bai karya zuciyar Jamusawa ba, kamar yadda bai karya ta mutanen Landan ba, kuma masana'antun makamai na Jamus sun ci gaba da ƙara yawan abin da suke fitarwa har tsakiyar 1944. Kada kuma wani ya ce ai idon yau ne muke kallon jiya da shi. A Fabrairun 1944, yaƙi na ci, Bishop George Bell na Chichester ya miƙe a Majalisar Dattawan Birtaniya ya ƙalubalanci gwamnati kan shafe birane. Sun sani, an faɗa musu a lokacin.

Wani zai ce ai Mynarski ba gari ya je ƙonawa ba, tashar jirgin ƙasa ce, a ƙasar da ake ƙoƙarin 'yantarwa. Haka ne, kuma wannan na cikin abin da ya sa labarinsa ke da daɗin bayarwa. Sai dai tashoshin jirgin ƙasa na Faransa a tsakiyar unguwanni suke. A Afrilun 1944 harin da aka kai tashar La Chapelle a Paris ya kashe Faransawa sama da 600. Churchill da kansa ya yi ta ɗari-ɗari da wannan shiri don gudun yawan mutuwar farar hula, kafin a rinjaye shi. Faransawan da bama-baman ƙawayensu suka kashe a tsawon yaƙin sun haura 50,000. Manoman da suka ruga suka ɗauki Mynarski daga gona irin mutanen da bama-baman ke faɗa wa ne, kuma duk da haka suka ɗauke shi.

A 2007 rigima ta tashi a gidan tarihin yaƙi na Kanada da ke Ottawa, a kan wani ɗan allo. Allon ya ce har yanzu ana jayayya kan amfani da halaccin hare-haren, ya kawo adadin Jamusawan da suka mutu, ya kuma ce tasirin da aka yi wa masana'antun Jamus kaɗan ne sai can wajen ƙarshen yaƙi. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka ce an mayar da su masu laifin yaƙi. Magana ta kai majalisar dattawa, daga ƙarshe aka sauya rubutun. Na fahimci tsofaffin nan. Mutumin da ya ga abokansa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ya dawo gida aka yi shekaru ana kau da kai daga gare shi, ba zai ji daɗi ba ya kai jikansa gidan tarihi ya tarar da allo yana tuhumarsa. Amma allon ba shi yake tuhuma ba, manufa yake tuhuma, kuma abin da ya faɗa bai saɓa wa abin da masana tarihi da yawa suka rubuta ba. Abin da ya faru a Ottawa shi ne ainihin abin da nake tsoro: an sa raɗaɗin ƙananan sojoji a gaba, ya zama katanga tsakanin jama'a da shawarar da manya suka yanke a ofis. Wanda ya taɓa manufar sai a ce ya zagi mamaci.

Maharbi ba ya zaɓen gari. Da yamma ake tara su a ɗaki, a yaye labulen da ya rufe taswira, a lokacin ne suke sanin inda za su. Wanda ya ce ya gaji ko tsoro ya kama shi, sai a buga masa tambarin ragwanta a takardarsa, a cire masa igiya, a tura shi aikin wulaƙanci don ya zama darasi ga saura. Ba ina cewa wanda aka aika ba shi da alhaki ko kaɗan ba ne. Ai su kansu ƙasashen ƙawance sun ƙi karɓar uzurin "umarni aka ba ni" daga Jamusawa a kotun Nuremberg, kodayake sun yi wayo ba su matsa kan batun jefa bam a birane ba, don sun san inda maganar za ta dawo. Amma alhaki mataki-mataki ne. Na mai yankan fata daga Winnipeg da ke zaune a kejin gilashi yana leƙen duhu ba ɗaya ba ne da na wanda ya sa hannu a umarnin Fabrairun 1942. Shi ya sa mutum-mutumin Mynarski bai dame ni ba, amma na gane dalilin da ya sa aka yi ihu da zanga-zanga a 1992, ranar da aka buɗe na Harris a Landan.

Masu ginin Green Park sun yi wani ƙoƙari. A jikin bangon an rubuta cewa wurin yana kuma tunawa da mutanen dukkan ƙasashe da suka rasa rayukansu a ruwan bama-bamai na 1939 zuwa 1945. Layi ɗaya ne, a gefen mutum-mutumin samari bakwai masu tsayin da ya wuce na mutum, kuma an sa shi ne bayan ƙorafi daga Jamus. Ya yi kaɗan, amma ya fi babu. Rufin ginin kuwa an yi shi da ƙarfen wani jirgin Halifax na 'yan Kanada da aka harbo a Beljiyam a 1944, aka tono shi daga fadama a 1997 da gawarwakin mutum uku har lokacin suna wuraren aikinsu. Mutanen da suka iya bin sawun gawa uku bayan shekara 53 ba za su ce sunayen waɗanda suka mutu a ƙasa sun gagare su ba.

Mai karatu zai iya cewa mu ina ruwanmu da rigimar Turawa a kan matattunsu. Yaƙin Hitila bai tsallake mu ba. Daga 1940 ana haɗa jiragen yaƙin Birtaniya a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena, su ratsa Sudan zuwa Masar, dubbai suka bi wannan hanya. A cikin ita kanta Bomber Command akwai 'yan Afirka ta Yamma. Johnny Smythe na Saliyo mai duba hanya ne, aka harbo jirginsu a Jamus a Nuwamban 1943, ya zauna a sansanin fursunoni har ƙarshen yaƙi, ya koma gida ya zama babban lauya. Ga kuma dubban kakanninmu da aka kwasa zuwa Burma, wato Myanmar ta yau, a runduna ta 81 da ta 82, inda Hausa ce harshen bariki.

Yadda muka tuna waɗannan shi ne abin dubawa. A Kaduna akwai barikin Dalet da na Kalapanzin, a Zariya akwai Chindit, a Legas akwai Myohaung da Arakan, a Ibadan akwai Letmauk. Duk daga yaƙin Burma sunayen suka fito. Mun riƙe sunayen wuraren da aka yi gumurzu, mun saki na mutanen da suka faɗi a can. Mai adaidaita zai kai ka ƙofar Dalet ido rufe, amma da wuya ka sami wanda zai kira maka sunan soja ɗaya da ya mutu a wurin da ake kira haka. Sunayen kuwa ba ɓata suka yi duka ba. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da na sojojin Afirka ta Yamma, kuma hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta sa jerin a intanet kyauta.

Ɗayan ɓangaren ma ba baƙo ba ne a wurinmu, don mu yau mun san jirgin yaƙi ta sama da ta ƙasa. Muna da namu matuƙan da suka tashi ba su dawo ba, irin su Wing Commander Chimda Hedima, wanda jirginsa ya tashi daga Yola a Satumban 2014, ya faɗa hannun Boko Haram suka kashe shi. Muna kuma da Rann, inda jirgin sojan sama ya saki bam a sansanin 'yan gudun hijira ranar 17 ga Janairu, 2017, da Tudun Biri, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi ranar 3 ga Disamba, 2023, hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Duk lokacin da wani ya nemi a yi bincike a fili kan irin waɗannan, amsar da ta fi saurin zuwa ita ce ana kashe wa sojojinmu guiwa, ana raina jinin waɗanda suka mutu suna kare mu. Hujjar Ottawa ce sak. Jinin Hedima bai hana a tambayi wanda ya ba da umarni a Tudun Biri ba, kuma tambayar ba ta rage wa Hedima komai ba.

Kowace 15 ga Janairu ana taruwa a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru, a watse. Babu abin da zai hana gwamnatin jiha ɗaya, ko masarauta ɗaya, ko sashen tarihi na jami'a ɗaya, su zauna su tsamo sunayen 'yan yankinsu daga jerin Burma, su haɗa da na sojojin da suka mutu a yaƙin da muke ciki, su kuma haɗa da na mutanen Rann da Tudun Biri, a karanta su da ƙarfi a wannan rana. Na Tudun Biri ma ba sai an je intanet ba, mutanen garin da suka yi musu salla sun san su.